Ƙabar da Ta Dawo Mini Ina Tsakiyar Jinyar Maigidana

Sunana Rifkatu, amma a Kudenda Maman Ladi aka fi sani. Wata biyar ke nan da sallamo ni daga asibiti, kuma tun da na fara iya zuwa coci matan zumunta suke damuna in rubuta abin da ya same ni, don a cikinsu ma akwai masu yawo da irin kullutun da na yi yawo da shi, suna ɗaure shi da zani suna cewa sai an samu sarari. To, ga shi na rubuta. Ni mai teburin kayan miya ce a bakin layinmu, ban san likitanci ba. Abin da jikina ya gani kawai zan faɗa.

Ƙaba ta fara fito mini shekara tara da suka wuce, a ƙasan cibiya, daidai kan tabon yankan da aka yi mini lokacin haihuwar autana Ayuba. Aka yi aiki, aka ɗinke, na warke sarai. Na yi kusan shekara bakwai ban ko tuna da ita ba.

Sai maigidana Bulus, Baban Ladi, ya faɗi. Direban babbar mota ne a ɗaya daga cikin kamfanonin nan na Kudenda. Wata safiya ya sauko daga mota a bakin get, ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa. Hawan jini ne. Ɓarin damansa ya shanye, magana kuma ta koma sai da ƙyar, kalma ɗaya ko biyu. Baban Ladi ƙaton mutum ne, ko ciwo bai rage shi sosai ba. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bayi, daga bayi zuwa wanka, ni ce. Nakan ɗora hannunsa mai lafiya a wuyana, in rungume ƙugunsa, in ce ɗaya, biyu, uku, in miƙe da shi. Sau biyar, sau shida a rana.

Wata na takwas da faɗuwarsa, ina wanka na ji wani abu kamar ƙwan kaza a gefen tsohon ɗinkin. Na san shi. Na danna, ya koma ciki da ɗan ƙara kamar ruwa a gora. Na gama wankana, na ɗaura zani, ban faɗa wa kowa ba. Haka muka yi kusan wata huɗu, in na kwanta ya ɓace, in na ɗaga Baban Ladi ya fito. Da ya kai girman lemo kuma ya fara ja mini ciki bayan cin abinci, sai na nemi tsohon katina na asibiti.

Ranar farko na bar gida ƙarfe shida. Maƙwabciyarmu Maman Doo, 'yar Binuwai ce, ta yarda za ta riƙa leƙa shi ta ba shi kunu, amma ba za ta iya ɗaga shi ba, don haka na shimfiɗa masa leda a ƙarƙashin zanin gado na tafi. A asibiti aka ce katina ya tsufa, sai an buɗe sabo. Layin kati daban, layin awon jini daban, layin ganin likita daban. Ina kan benci hankalina yana gida. Sai wajen ƙarfe ɗaya aka kira ni.

Likitan ya sa na kwanta, ya ce in yi tari. Ya danna nan, ya danna can, sannan ya koma kujerarsa.

"Mama, wane aiki kike yi?"

"Kayan miya nake sayarwa."

"Ke kike ɗaukar kwandon tumatir?"

"A'a, likita. Mijina nake ɗauka."

Ya ajiye bironsa ya dube ni. Na ba shi labari a taƙaice, sannan na yi masa tambayar da ta kawo ni: "In na bari zuwa baɗi fa? Akwai haɗari?"

Ya ce, "Akwai waɗanda nake ce wa su je gida mu riƙa dubawa. Tasu ƙarama ce, ba ta ciwo, ba sa ɗaukar nauyi. Ke ba kya cikinsu. Taki ta dawo ne a kan tsohon ɗinki, bakin ramin matsattse ne, hanji yana shiga yana fita. Ranar da zai shiga ya kasa fita, ba zai yi miki sallama ba."

Ya faɗi wata doguwar kalma ta Turanci, na ce ya fassara mini, ya ce ma'anarta shaƙewa. Ya ƙirga mini da yatsunsa: in kullutun ya yi tauri ya ƙi komawa, in amai ya zo, in iska da bayan gida suka tsaya, to ko tukunya ce a kan wuta in bar ta in taho. Ya ce wannan karon za su sa mini wata raga a ciki don ta riƙe wurin, kuma bayan aiki zan yi aƙalla sati shida ban ɗauki abin da ya wuce rabin bokitin ruwa ba. Ya rubuta mini rana, sati bakwai gaba.

Sati bakwai na neman wanda zai ɗauki Baban Ladi.

Satin farko na kira 'yata Ladi a Lafiya, inda take aure. Cikinta wata bakwai. Ta fashe da kuka a waya ta ce za ta zo. Na ce ta zo ta ɗaga wa? Mu zama mu biyu a kwance?

Sati na biyu na samu Ayuba. Soja ne, yana can arewa maso gabas inda waya ma sai an hau tudu. Ya ce zai nemi hutu, amma ba a hannunsa yake ba.

Sati na uku yayar maigidana, Yaya Asabe, ta zo daga Sabon Tasha da jarka cike da jiƙo. Ta haura saba'in, gwiwoyinta sun gama aiki.

"Rifkatu, wuƙa sau uku a ciki ɗaya? Buhu ne? Wanda suka ɗinke da fari ina ya kai ki? Ki sha wannan safe da yamma, wata mata a layinmu da shi tata ta narke."

Na sha, don ina so ya zama gaskiya. Ɗaci kamar maɗaci, ya sa ni gudawa kwana biyu, kullutu yana nan daram. Wata kuma ta ce in sayi bel na ɗaure ciki. Na shiga keke har Barnawa na sayo a wani kemis. Gaskiya bel ɗin ya rage mini ciwo, kuma wannan ce cutar da ya yi mini, don da na ji sauƙi sai na ƙara samun ƙarfin ɗagawa.

Sati na huɗu muka ɗauki wani mutum da aka ce yana jinya a gidaje. Kwana uku ya yi. Baban Ladi dattijon ikilisiya ne, mutum ne da ko singileti ba ya fita da ita tsakar gida. Da baƙon ya zo cire masa wando don wanka, sai ya riƙe ƙugun wandon da hannunsa mai lafiya, ya juya fuska bango. Ya ƙi cin abinci ranar. A rana ta uku mutumin ya ce, "Madam, ba zan iya kokawa da Baba ba," ya ɗauki jakarsa.

Sati na biyar ƙanen maigidana Yohanna ya zo daga gida, muka zauna a falo. Ya ce shawarar dangi ita ce a kai Baban Ladi ƙauye, can akwai matasa masu ƙarfi, in na warke a dawo da shi. Magana ce mai hankali. Amma a ƙauyen babu mai gasa masa ƙafa, maganin hawan jininsa sai an yi tafiya, kuma na ga yadda ake ajiye irinsu a ɗakin baya a riƙa tura musu kwano. Muna maganar ne a gabansa kamar ba ya nan. Da na waiwaya, hawaye ne ke bin gefen bakinsa da ya karkace. Na ce wa Yohanna mun gode, za mu yi tunani. Ya gane. Ya tashi yana cewa, "Matar Yaya, kada dai gobe a ce ba mu yi magana ba."

Ranar da aka rubuta mini ta zo ta same ni ina wankin zannuwan gado. Na san ranar ce. Na yi ta kallon rana tana hawa har ta wuce tsaka.

A duk wannan lokaci, kowace Lahadi bayan sujada mutanen coci suna biyowa su gaishe mu. "Maman Ladi, yaya mai jiki?" In ce da sauƙi. "Ke fa, yaya ƙarfin jiki?" In ce mun gode Allah. Ko Fasto bai san ina da ƙaba ba. Kunya nake ji, kuma ina ganin ai an riga an yi mana da yawa.

Bayan wata biyu Ayuba ya kira ya ce an ba shi kwana goma. Na koma asibiti a guje. Nas ɗin da ke riƙe da littafin tiyata ta wanke ni tas a gaban mutane, ta ce irinmu ne muke cinye gurbin wasu. Gaskiyarta ce. Amma ita ɗin ce kuma ta je ta roƙi likita aka matse mini wuri a cikin kwanakin hutun Ayuba. Allah ya saka mata.

Ayuba ya iso, uban ya yarda da hannunsa ba gardama. Aka ba ni gado, na kwana da yunwa kamar yadda aka ce, da safe aka sa mini rigar tiyata. Sai mai ba da maganin barci ya zo ya auna jinina, ya sake aunawa, ya girgiza kai.

"Mama, jininki ya hau sosai. Ba zan kwantar da ke a haka ba. Ki sha magani sati biyu ki dawo."

"Ɗana, wanda ke riƙe mini gida saura masa kwana shida."

"Na ji, Mama. Amma in na sa ki barci a haka, ban da tabbacin za ki tashi."

Na cire rigar na ninke musu. A cikin keke, daga asibiti har Kudenda, ban san ina kuka ba sai da mai keken ya ce, "Madam, rasuwa aka yi?" Ayuba ya koma bakin aiki ranar da hutunsa ya cika. Ni kuma ban sake komawa asibiti ba. Na ce wa kaina tunda na yi niyya Allah bai nufa ba, to a bar shi haka.

Wata uku na ƙara. Kullutun ya kai dunƙulen hannu biyu. Na daina cin tuwo, sai abu mai ruwa. Mayar da shi ciki da a da daƙiƙa ne, ya koma sai na kwanta a ƙasa na jingina ƙafafu da bango ina lallaɓa shi minti ashirin. Kowace safiya in na sunkuya zan ɗaga Baban Ladi, sai in ce a zuciyata, Ubangiji, ban da yau.

Wata Talata ce cikin damina, wajen ƙarfe takwas na safe. Na ɗaga shi daga gado, ƙafarsa ta zame a kan siminti, na riƙe shi da dukkan ƙarfina don kada ya kai ƙasa. Na dai kai shi kujera. Amma na ji wani abu ya tsinke mini a ciki, zafi ya taso har maƙogwaro. Na kwanta na ɗaga ƙafafu. Na danna, ya ƙi. Ya yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, ko taɓa shi ba na iya yi.

Ƙarfe goma na fara amai. Na tuna yatsun likita sarai, babu wanda na manta. Amma na ce bari in ba shi awa ɗaya ko zai koma. Da awa ta cika na ƙara masa wata. A tsakani har na rarrafa na dama wa Baban Ladi kunu na ba shi a baki, yana kallona yana buga hannun kujera yana nuna ƙofa. Na ce masa, "In na tafi wa zai kai ka bayi?" Da azahar aman ya koma kore.

Maman Doo ce ta cece ni. Ta fito sayen attaruhu wajen ƙarfe biyu ta ga teburina a rufe, ta shigo. Ta same ni a ƙasa kusa da bokiti. Ba ta tambaye ni komai ba, ta fita tana ƙwala wa mijinta kira. Mijin nata, Oga Terna, ma'aikacin kamfani ne, ranar yana hutu. Shi ya ɗauke ni kamar yarinya ya sa a keke. Ina cewa, "Baban Ladi fa?" Ya ce, "Mama, ki bar mini Baba." Kowane rami na hanyar nan na ji shi a cikina.

A emajensi ba a sa ni layi ba. Likitan da ya fara ganina shi ne a bakin aiki. Ya taɓa wurin sau ɗaya, ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun takwas. Ya dubi agogo, bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Aka ce a nemo jini leda biyu. Maman Doo ta kira Fasto, Fasto ya zo da mutum uku, aka ɗibi jinin mutum biyu a cikinsu. Kafin magariba an shiga da ni.

Na farka washegari da roba a hanci, roba a gefen ciki, ƙarin ruwa a hannu. Da likita ya zo zagaye ya buɗe tafin hannunsa, daga babban yatsa zuwa ƙarami, ya ce, "Kamar haka muka yanke daga hanjinki. Ya riga ya yi baƙi." Ya ce ragar da aka shirya sa mini ba ta sawu ba, don wurin ya ƙazantu, in an sa za ta ruɓe. Sun ɗinke ne kawai. Ma'ana, ƙabar tana iya dawowa, kuma mai yiwuwa sai an sake shiga.

Aikin da aka ce kwana uku zan yi in koma gida, sai da na yi sati uku. Kwana biyar ko ruwa ban sha ba. Sati na biyu ɗinkin ya fara ruwa, aka warware ƙasansa ana wankewa kullum, ina cizon zani. Komai sai an sayo, har safar hannu da auduga, kuma abin da ya tafi ya ninka na aikin da aka shirya tun farko, har firizata sai da ta bar gida. Akwai nas ɗin da in ka kira ta sai ta gama abin da take kallo a waya. Akwai kuma wadda ta wanke mini kai da hannunta ranar da ta ga ina susa. Yaya Asabe mai jiƙo, da gwiwoyin nan nata, ita ta shimfiɗa tabarma a gefen gadona sati ukun nan cur. Ba ta sake ambaton wuƙa ba, ni ma ban ambaci jarka ba.

A gida kuwa, abin da na ce ba zai yiwu ba ya yiwu cikin yini ɗaya. Oga Terna ne ya yi wa Baban Ladi wanka ranar Laraba, ya ce Baba ya rufe ido kawai ya bar shi. Mazan coci suka raba kwanaki. Ayuba da kwana goma kacal aka ba shi don aikin da aka shirya, aka ba shi sati biyu da aka ji uwarsa tana bakin mutuwa. Da Fasto ya zo duba ni ya ce, "Maman Ladi, kusan shekara biyu muna tambayarki kina ce mana da sauƙi. Kin ɗauke mu baƙi ne?" 

Ba zan ɓoye ɗayan gefen ba. Na dawo na tarar da gyambon kwanciya a ƙugun maigidana, don maza suna ɗagawa amma ba su san a riƙa juya shi ba. Kuma bayan wata biyu masu zuwa suka fara raguwa, kowa da nasa. Yanzu Oga Terna ne da safe kafin ya tafi aiki, da yamma kuma duk wanda Allah ya kawo daga coci. Tsakanin nan, inda aka ajiye Baban Ladi nan yake wuni. Ni kuma in na yi tari ina jin wani abu yana taɓa yatsana a gefen sabon ɗinkin. Ina da ganin likita wata mai zuwa. Ban san yadda za mu yi da sati shidan ba in ya ce a sake, amma wannan karon na riga na tashi a gaban zumunta na faɗa da bakina.

Mai irin wannan ciwo, ni ba zan ce miki kowace ƙaba sai wuƙa gobe ba, likita ne zai duba ya faɗa. Amma in ya ce taki ba ta jira ba ce, kada ki je gida ki yanke wa kanki wani hukuncin. In kuma ta yi tauri ta ƙi komawa, kada ki ba ta ko awa ɗaya. Ni na ba ta shida, kuma kin ji abin da na biya.

Satin da ya wuce, da rana tsaka, ina tsakar gida ina tsince wake na ji ƙarar faɗuwa a ɗaki. Baban Ladi ya miƙa hannu zai ɗauki rediyo, ya zame daga kujera. Na same shi a ƙasa a kan ɓarinsa mai lafiya. Na duba kansa, na duba ƙugunsa, bai ji ciwo ba. Gidan babu kowa, Maman Doo ta tafi kasuwa. Kafin in yi tunani har na sunkuya na kama hannunsa zan ɗora a wuyana.

Ya fizge hannun. Ya kama bakin zanina ya ja ƙasa. Bakinsa ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito.

"Zauna."

Na ce, "Baban Ladi, siminti ne, da sanyi."

"Zauna."

Na kira Oga Terna, ya ce sai an ba su hutun cin abinci, in ba shi minti arba'in. Na sa wa maigidana filo a ƙarƙashin kai, na rufa masa zani, na ɗauko tiren wakena na zauna a ƙasa kusa da shi. Hannuwana suna ta ƙaiƙayi, sau biyu ina yunƙurawa, sau biyu yana ƙara damƙe zanin. Haka Oga Terna ya shigo da gudu ya same mu, ni da tire a cinya, shi yana ture mini tsakuwa gefe da yatsa ɗaya. Ban ɗaga shi ba.